Ƙarshen Sanyi A Ƙasar Gadarif: Ina Mai Kyamara Zai Dosa?



Kwanan baya wasu samari biyu na unguwarmu suka same mu zaune a ƙofar gida bayan sallar la'asar, muna jiran a sauke jabana. Ɗayansu yana rataye da kyamara wadda wansa ya aiko masa daga Jidda. Da suka durƙusa suka gaishe mu, sai babban ya dubi dattijon cikinmu ya ce, "Baba, shawara muka zo nema. Muna so mu fita ɗaukar hotuna kafin zafi ya shigo, amma mun rasa inda za mu dosa. An ce mana wuraren hoto duk suna can arewa wajen dalolin Bajrawiya, ko kuma Sawakin a bakin Bahar Maliya, mu kuwa ba mu da kuɗin motar zuwa can."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kana da hoton kakanka?" Ya ce babu. "To, kana da hoton garin da aka haifi mahaifiyarka?" Ya ce ai wannan gari yanzu yana ƙarƙashin ruwan madatsar Setit. Dattijon ya ce, "To, ka ga inda za ka fara."

Wannan 'yar hira ita ta sa muka ga ya kamata mu rubuta wa masu karatu abin da muka faɗa wa waɗannan samari. Bajrawiya da Sawakin wurare ne masu kyau, amma an ɗauke su sau dubu, suna cikin kalanda da littattafan makaranta. Ƙasar Gadarif kuwa, wadda ke ciyar da Sudan da dawa da riɗi, kuma wadda iyayenmu suka zuba guminsu a cikinta, ba ta sami masu ɗaukarta yadda ya kamata ba. Lokacin da ya fi dacewa a fita mata kuwa shi ne ƙarshen sanyi, watau daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Maris.

Me ya sa ƙarshen sanyi?

Dalili na farko hanya ce. Duk wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san da damina ba a yi mata gardama. Daga Yuli zuwa Oktoba, in ka sauka daga kan kwalta, ko tarakta sai ta yi da gaske. A Fabrairu kuwa ƙasa ta bushe ta tsattsage, boksi da lori suna kai mutum duk ƙauyen da ya ga dama.

Na biyu, aiki na kan ganiyarsa. An gama yankan riɗi tun Oktoba da Nuwamba, an yanke dawa, ana ta sussuka da ɗurawa a buhu, motoci na kwasa zuwa gari, masu ɗiban ƙaro kuma suna cikin daji. Na uku, ruwa ya ja baya. Kogin Rahad da kogin Dindir sun tsaya da gudu, sai tafkuna nan da can a cikin yashi, don haka mutane da dabbobi da tsuntsaye duk suna haɗuwa wuri guda, mai kyamara ba sai ya yi ta yawon nemansu ba.

Na huɗu, jiki na iya ɗauka. Sanyinmu na nan ɗan kaɗan ne, bai kai hunturun da kakanninmu ke ba mu labari na ƙasar Kano da Katsina ba. Da rana zafi kan kai wajen digiri 35, da dare ya sauko ƙasa da 20. In Afrilu ta kama kuwa, sai ya haye 40, haske ya yi fari fat, hoto ya fito kamar an wanke shi da sabulu. Abin lura ɗaya shi ne iskar watan da manoman bakin Nilu ke kira Amshir, wadda kan tayar da ƙura. Ranar da ta yi hazo kaɗan, haske kan yi laushi, fuskoki su fito da kyau. Ranar da ta yi yawa, a nannaɗe kyamara cikin tsumma a zauna gida.

A fara da cikin gari

Tun da can ana kiran Gadarif da sunan Suk Abu Sin, watau kasuwar Abu Sin, shugaban Shukriyya. Gari ne da kasuwa ta kafa, saboda haka daga kasuwa ya kamata a fara. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif tana cikin mafiya girma a ƙasar nan, a nan ake gwanjon riɗi da kintari, ana cinikin dawa da ardab, watau buhu biyu. A je da sassafe, kafin rana ta yi tsaka. A wannan lokaci hasken kan ratsa ƙurar da mata masu tankaɗe ke tayarwa, 'yan dako na hawa katako da buhu a baya, dillalai na soka buhu suna zuba ƙwaya a tafin hannu suna dubawa. Kada mai hoto ya tsaya nesa yana ɗaukar tarin buhuna kawai. Ya matso, ya yi sallama, ya nemi izini, ya ɗauki hannun ɗan dako da kafaɗarsa. Da yawa daga cikinsu 'ya'yanmu ne.

Daga nesa kuma ana hango babban rumbun gwamnati, sauma'a, wanda aka gina a shekarun 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet, yana cin tan dubu 100. Shi ne alamar gari, amma kada a ɗaga masa kyamara sai da izinin masu tsaronsa.

Da la'asar sakaliya a hau ɗaya daga cikin duwatsun da ke kewaye da gari, kamar na wajen Tawawa. Daga can za a ga abin da ya bambanta Gadarif da sauran biranen Sudan, watau guɗɗiyya, ɗakin nan mai jinkar ciyawa mai tsini. Magabata ba su zaɓe ta don ado ba. Baƙar laka takan kumbura da damina ta tsuke da rani, sai ta tsaga ginin bulo, ita kuwa guɗɗiyya ba ruwanta. Duk shekara kwano da siminti suna ƙara cinye ta. Wanda ya ɗauki unguwa irin su Dem Bakur daga sama a bana, bayan shekara 20 zai ga darajar hotonsa. Haka nan a nemi masu yin jinka, a ɗauke su suna aiki, tun daga saƙar ciyawa har ɗora kan ɗaki.

Sa'an nan ga masu karo da jakunansu suna sayar da ruwa kwararo kwararo, wanda shi ma tarihi ne, domin ƙishirwar Gadarif tsohuwar magana ce. In magariba ta yi kuma, ga masu agashe sun hura wuta sun jera tsinke. Wannan sana'a kakanninmu suka kawo ta ƙasar nan, yau babu birnin da ba a cinta. Hasken garwashi a fuskar mai agashe ya ishi hoto, ba sai an haska masa fitilar kyamara ba. Ga kuma mata masu goɗogoɗo da masu shayi. Daɗin daɗawa, a waɗannan shekaru azumin Ramadan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, lokacin da maza ke shimfiɗa tabarmi a bakin titi suna tare matafiya su sha ruwa. A zauna a ci tare da su tukuna, hoto ya biyo baya.

Gonakin Gadambaliya

Yamma da gari, a hanyar Madani, akwai Gadambaliya, inda aka fara noman inji a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila ke neman abincin sojojinsu. Daga nan noman ya bazu har ya kai miliyoyin fadan. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba dutse ba tudu, sai sama da ƙasa. Wanda bai saba ba zai ce babu abin ɗauka. Akwai kuwa. Akwai tarin zangarniyar dawa, akwai injin sussuka yana feso ƙaiƙayi cikin hasken safiya, akwai tsagar ƙasa wadda hannun mutum ke shigewa cikinta. Bayan an kwashe amfani, sai makiyaya su shigo da dabbobinsu cin kara: raƙuman Shukriyya da Lahawiyyin, da jajayen shanun Fulani masu dogayen ƙahoni.

Amma babban abin ɗauka a nan shi ne kambo, bukkokin 'yan ƙwadago waɗanda ake kira jangu. Inji yana huɗa, yana shuka, amma riɗi da hannu ake yankansa, kuma cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ya fashe ya zube. Hannuwan da suka yi wannan aiki shekara da shekaru sun fito ne daga Darfur da Kurdufan da Kudu da Habasha da kuma gidajenmu. Sunayen masu manyan gonaki suna cikin takardun banki, su kuwa waɗannan ba a rubuta su ko'ina ba. A ɗauke su yadda suke so a gan su. In mutum ya ce bari ya wanke fuska ya sa jallabiyarsa, a jira shi.

Wata 'yar shawara ga masu koyo: baƙar ƙasa takan ruɗi kyamara ta buɗe ido fiye da kima, sai farar riga ta ƙone ta zama ba fasali. A rage haske kaɗan, kuma a bar rana a baya ko a gefe.

Shuwak da ruwan Setit

In an bi hanyar Kasala, za a iske Shuwak a bakin kogin Atbara. Gari ne da ya yi suna da kasuwar raƙuma, kuma ranar kasuwa mai kyamara ba zai rasa aiki ba tun daga hantsi. Kusa da nan ne aka gina tagwayen madatsun ruwa, Rumela a kan Atbara da Burdana a kan Setit. An fara aikin a 2011, aka buɗe shi a Fabrairun 2017, da ƙarfin ba da lantarki megawat 320. Ruwan da suka tare ya zama babban tafki, ya kuma haɗiye garuruwa da gonakin bakin kogi, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin matsugunai. Cikinsu akwai Hausawa masu noman fadama da masunta, waɗanda suka daɗe a waɗannan gaɓoɓi. Garin mahaifiyar saurayin nan da muka ambata yana cikin waɗanda suka nutse. Bishiyar da ake zama ƙarƙashinta, da masallacin, da mashigin da ake ɗaure jirage, yanzu sai dai a baki.

Madatsar kanta ba wurin hoto ba ce, wurin tsaro ne, a yi nesa da ita. Abin nema shi ne bakin tafkin da asuba, lokacin da masunta ke dawowa da kwale-kwale, ana warware kalli, ana shanya kifi. In an sami dattijon da ya rayu a tsohon gari, a zauna da shi, a ɗauki hotonsa, a kuma rubuta abin da ya tuna: sunan garin, wanda ya sare shi, daga ina suka taso, shekara nawa suka yi a hanya.

Doka zuwa Gallabat

Hanyar kudu maso gabas, wajen kilomita 150 daga Gadarif, ita ke kai mutum Gallabat a kan iyakar Habasha. Tun daga Doka ƙasa kan fara canjawa, tuddai su fito, itatuwa su yi yawa. Nan ne dajin dushe da dakwara, inda ake ɗiban ƙaro a wannan lokaci. Jan jikin dushe a hasken yamma abin kallo ne, haka nan ƙwallon ƙaro a jikin reshe in rana ta ratsa shi.

Gallabat kuwa gari ne da ya kamata kowane ɗanmu ya sani. Takarir ne suka raya shi, watau mutanen yamma, tun daga Darfur har zuwa ƙasashenmu na asali, waɗanda hanyar Makka ta biyo da su suka zauna. Baturen nan mai yawon bincike, Samuel Baker, ya ratsa garin a 1862, ya tarar su ke riƙe da shi da kasuwarsa, da shehinsu. A watan Maris na 1889 aka gwabza babban yaƙi a nan tsakanin Ansar ɗin Mahadi ƙarƙashin Zaki Tamal da rundunar Habasha, inda Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya sami raunin da ya yi ajalinsa. A Nuwamban 1940 kuma sojojin Ingila da na Italiya suka yi nasu a kan tudun garin. Ƙorama ce kawai ta raba Gallabat da Matamma ta Habasha. Gadar da ofisoshin kan iyaka ba a ɗaukarsu. A tsaya ga kasuwa: buhunan gahawa, da zuma, da tafarnuwa, da fuskokin mutanen ƙasa biyu suna ciniki da harshe uku.

Kusa da Doka akwai sansanin Um Rakuba, wanda aka sake buɗewa a Nuwamban 2020 don masu gudun yaƙin Tigrai. Wannan ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Mu da muka ga 'yan'uwanmu sun kwana a azuzuwan makaranta, mun san yadda mutum ke ji in baƙo ya ɗaga masa kyamara yana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Rahad da dajin Dindir

Kudu maso yamma kuma akwai duwatsun Gala'an Nahal, sai Hawata da Mafaza a bakin kogin Rahad. Duk tsawon wannan kogi akwai ƙauyukan Hausawa jere da na Masalit da sauran maƙwabta, da lambunan mangwaro da gwaiba da lemun tsami, da albasa da kuɓewa a gaɓa. A wasu ƙauyukan har yau Hausa ce harshen kasuwa da na wasan yara, ana daka a turmi, ana dama fura, almajirai na karatu da allo a gindin wuta. Wanda ke neman hoton rayuwarmu yadda take, nan zai zo ya kwana biyu.

Tsallaken Rahad kuma dajin Dindir ne, wanda aka keɓe tun 1935, mai faɗin murabba'in kilomita wajen dubu 10, wani yanki nasa yana cikin jihar Gadarif. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin dazuzzukan da take kulawa da su a 1979. Da damina ba a shigarsa. Lokacinsa shi ne rani, kuma Fabrairu da Maris sun fi, domin ciyawa ta kwanta, namun daji sun taru a fadamun da ake kira maya. A nan ake ganin ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi da gadu da gwaggon biri da jimina, da zabi garke garke, da gauraka da kwasakwasa da borin tinke a bakin ruwa. Mai rabo yakan ga zaki. Raƙumin dawa kuwa ya ɓace daga dajin tun shekarun 1980, sai a tsofaffin hotuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana amfanin hoto.

Ba a shiga Dindir sai da takarda da rakiyar 'yan sandan namun daji, kuma babban masaukinsa shi ne Galagu. Yaƙi ya taɓa wannan yanki a 2024, saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi ofishinsu ya ji halin da ake ciki. Sa'an nan duk mai kwana a bakin Rahad ko Atbara ya tafi da gidan sauro mai ƙananan idanu. Ƙasar dushe da aduwa ita ce matattarar ɗan ƙudan nan mai kawo kala'azar, kuma yakan fara yawa daga Maris. Rigakafi ya fi magani.

Ga mai sauran guzuri

Wanda aljihunsa ya yarda, akwai wurare biyu a wajen jiharmu. Na farko Kasala, mai duwatsun Taka da Totil. Da yake duwatsun suna gabas da gari, hasken la'asar ne ke faɗa musu, su yi ja kamar garwashi, ga tsohon masallacin Hatmiyya a gindinsu, ga lambunan bakin Gash.

Na biyu Mai Wurno, kudu da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka kafa wannan gari a 1906. Ba dukkanmu ne muka zo ta wannan hanya ba. Wasu sun riga su, wasu sun biyo baya da ƙafa da jaki a hanyar hajji, suka tsaya neman guzuri a aikin madatsar Sinnar da gonakin audugar Jazira, guzurin ya zama zama. Amma Mai Wurno ya zama tamkar cibiya, kuma ya kamata a sami hotunansa a kowane gida namu. Shi ma yaƙi ya kai ƙofarsa a 2024, a yi tambaya kafin a tafi.

Ladabin mai kyamara

Tun kafin yaƙi, dokar ƙasar nan ba ta yarda a ɗauki gada ko barikin soja ko filin jirgin sama ko madatsar ruwa ba. Tun da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da rundunar Da'am Sari', abin ya ƙara tsanani, kyamara ta zama abin zargi. Saboda haka a nemi takardar izini daga hukuma, a riƙe katin shaida a aljihu, a sa kyamara cikin jaka in an doshi shingen bincike. In an shiga ƙauye, a fara da gidan shehu ko omda, a faɗi ko ɗan wane ne, da abin da ya kawo mutum. A wuraren da aka yi faɗa, kada a bar hanyar da mutane ke bi, kada a taɓa wani ƙarfe da aka gani a ƙasa. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Ba a ɗaukar mace sai da yardarta da ta gidansu, kuma ya fi kyau 'yan matanmu su koyi wannan aiki, domin su ne za su iya shiga cikin gida su ɗauki kaka tana kaɗi, ko amarya ana yi mata lalle. In malami ko dattijo ya ce ba ya son hoto, a ce masa to, Allah Ya gafarta Malam, a mai da kyamara jaka. In an yi alkawarin kawo hoto, a cika. Kuma duk hoton da aka ɗauka a rubuta sunan mai shi da na mahaifinsa, da garin, da shekarar. Tsofaffin hotunan zamanin Turawa suna nan a ɗakunan ajiya, za ka ga mutum tsaye da kamannin kawunka, amma abin da aka rubuta a ƙasa bai wuce "Fallata" ko "Takruri" ba. Kada mu maimaita wa kanmu wannan. Alal misali, mutanen Atbara sun yi dace da Rashid Mahdi, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar ma'aikatan jirgin ƙasa da iyalansu a situdiyonsa, yau jikokinsu suna ganin fuskokin kakanninsu. Mu ma muna bukatar irinsa.

Abin da ya sa muka damu

Wataƙila mai karatu ya ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta hoto? Muna da amsa biyu.

Ta farko, ba mu manta da Oktoban 2008 ba, lokacin da wata jarida ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa na wancan lokaci, cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Fadarsa ta musanta, amma mutanenmu sun fito zanga-zanga a nan Gadarif, har aka rasa rayuka. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan mutane, ya raba dubbai da gidajensu, aka sake tayar da tsohuwar maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mutanen da ake yi wa irin wannan tambaya bai kamata su zauna ba shaida ba. Hoton kaka a gonarsa, da sunansa da shekara a bayansa, magana ce da ba ta bukatar ɗaga murya. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Ta biyu kuwa, mun gani da idonmu. Da Madani ta faɗi a Disamban 2023, sa'an nan Sinja da garin Dindir a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Gadarif, kowane gida ya yi baƙi. Wata tsohuwa da ta sauka a maƙwabtanmu ta fito daga Madani da mayafinta kawai. Bayan soja sun karɓe garin a Janairun 2025, ɗanta ya je ya dubo gidan. Da ya dawo bai gama zama ba ta ce, "Ɗana, ka ga akwatin nan na ƙarƙashin gado?" Ya ce, "Iya, ko gadon ma babu." Ba ta tambayi firiji ba, ba ta tambayi keken ɗinki ba. A cikin akwatin akwai hoto ɗaya tak na marigayi mijinta, wanda aka ɗauka don takardar hajji. Jikokinta ba za su taɓa sanin kamanninsa ba.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki hoto, kada ya bar shi cikin waya kaɗai, domin waya ita ce farkon abin da ake ƙwacewa a hanya. A wanke guda biyu ko uku, a ba mai hoton nasa, a aika da wani ga ɗan'uwa a wani gari, a kuma tura wa wanda ke Jidda ko Kano ta intanet. Tsofaffin hotunan da suka tsira a gidajenmu su ma a sake ɗaukarsu, a tambayi tsofaffi sunayen waɗanda ke ciki tun suna da rai.

Samarin nan biyu sun kama hanyar Shuwak da asubar wata Asabar, da kyamararsu da littafin rubutu da 'yar jakar dabino. Kafin su tashi, sai da suka zaunar da dattijon namu a kan kujera a ƙofar gida, ya gyara rawaninsa, suka ɗauke shi. Ya ce su rubuta sunan mahaifinsa daidai, su kuma ƙara da cewa daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa. Sauran kwanakin sanyi ba su da yawa, wanda ke da niyya ya shirya. Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.